Masu cafe ƙwallo a diraf ɗin NFL: gudu ake saye ko me?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka riga mu fara kallon ƙwallon Amurka ce, musamman Koci na Tarauni in yana kusa.

Ni Minnesota Vikings nake goya wa baya, kuma saboda Justin Jefferson na shigo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi ya kai har zaɓi na 22 a diraf ɗin 2020, wato zaɓen da kulob-kulob ɗin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suke yi wa 'yan wasan jami'a bi da bi kowace shekara. Risiba (mai cafe ƙwallon da aka jefa) huɗu aka ɗauka kafin shi: Henry Ruggs a na 12, Jerry Jeudy a na 15, CeeDee Lamb a na 17, sai Philadelphia Eagles suka ɗauki Jalen Reagor a na 21, Jefferson yana nan zaune. A shekararsa ta farko ya yi yadi 1,400. Ga kuma Puka Nacua, wanda Los Angeles Rams suka tsinta a zagaye na biyar a 2023, zaɓi na 177, ya zo ya cafe ƙwallo 105, yadi 1,486, abin da wani sabon shiga bai taɓa yi ba kafin shi.

Kulob 32 ne, kowanne da mutanen da ba su da aiki sai yawo jami'a-jami'a suna kallon yara. To me suke dubawa har irin waɗannan suke wuce su?

A majalisarmu akwai abokina mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre, shi ya dage cewa magana ɗaya ce: a duba daƙiƙar da yaro ya yi a gudun yadi 40, shi ke nan. Ni hankalina bai kwanta da haka ba, amma ba ni da hujjar da zan kare kaina.

Ta biyu, tayit-en, wato ƙaton nan da yake tare mutum kuma yake cafe ƙwallo. Ya dace kulob ya kashe zaɓin farko-farko a kansa? Na ga Atlanta sun ɗauki Kyle Pitts a na 4 a 2021, suka bar Ja'Marr Chase ya tafi Cincinnati a na 5. Har yau ban gane ba. Allah ya ba da ikon amsawa.

Koci Tarauni ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

Ni ƙwallon kwando nake koya wa yara, amma idon da ake duban ƙafar yaro da hannunsa ɗaya ne, shi ya sa in Afrilu, watan diraf, ta gabato nake raba dare ina kallon masu cafe ƙwallon nan.

Mu fara da gudun da abokinka yake magana. A Indiyanafolis ake yinsa, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Yaro yana cikin gajeren wando, babu hular kwano, babu sulke a kafaɗa, babu kowa a gabansa, kuma shi yake zaɓar lokacin da zai tashi. Ya yi makonni ana koya masa tashi irin na 'yan tsere. A cikin wasa kuwa, yaushe risiba zai samu yadi 40 a miƙe ba wanda ya sa masa hannu? Yawancin jifa kafin daƙiƙa uku ya bar hannun kwatabak, wato mai jifan, kuma yawanci ba ya yin nisa.

Ka gaya wa abokinka labarin John Ross. A 2017 ya yi yadi 40 a daƙiƙa 4.22, ya kafa tarihi a lokacin. Cincinnati suka ɗauke shi a na 9. Wanda aka ɗauka a na 10 shi ne Patrick Mahomes. Ross bai cafe ƙwallo ko ɗaya ba a shekararsa ta farko, rauni ya yi ta bin sa, har ya bar kulob ɗin ba a ga abin da aka saya ba. A diraf ɗin nan dai akwai Cooper Kupp, ya yi 4.62, daga ƙaramar jami'a, Eastern Washington. Sai zagaye na uku Rams suka ɗauke shi, na 69. A 2021 ya cafe 145, yadi 1,947, ya shiga gida (wato ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki) sau 16, duka ukun shi ne na ɗaya a lig, ya kuma zama gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na kakar.

Abin da nake fara kallo taku uku na farko ne. A NFL mai tsaro yana da damar sa wa risiba hannu a cikin yadi biyar na farko. Zai zo ya tsaya hanci da hanci da shi, ya cusa masa hannu a ƙirji. In yaro bai iya kuɓucewa a nan ba, to gudunsa ya zama na banza, domin kwatabak ya riga ya juya ido wani wajen. Ka duba ƙafarsa: yana ruɗa mai tsaron ya karkata gefe ɗaya sannan ya bi ɗayan? Ka duba hannunsa: yana kaɗe hannun mai tsaro ko yana barin a riƙe shi? Matsalar ita ce a jami'a da yawa daga cikinsu ba a matsa musu haka. Masu tsaro suna ja da baya su ba su fili saboda tsoron gudunsu. Sai ka ga yaro ya gama jami'a da alƙaluma masu kyau, alhali ba a taɓa yi masa tambayar da za a riƙa yi masa kowace Lahadi ba. Shi ya sa nake neman wasannin da ya haɗu da mai tsaron da shi ma za a ɗauka a diraf. Wasa biyu irin wannan sun fi mini goma da ƙananan makarantu. Kupp da ake cewa makarantarsa ƙarama ce, da suka haɗu da Oregon a 2015 ƙwallo 15 ya cafe a wasa ɗaya. Wanda ya kalli wannan bai kamata ya ce bai sani ba.

Sai birki. Wannan shi ne abin da mutane ba sa gani, kuma ni a wurina ya fi gudu. Yaro yana tafe da ƙarfi, zai juya ciki ko waje a yadi goma sha biyu. Taku nawa yake buƙata kafin ya tsaya? Yana sauke ƙugu ya dasa ƙafa ɗaya ya juya, ko yana yin kwana mai faɗi? Mai kwana mai faɗi ya riga ya sanar da mai tsaro inda za shi. Gwani kuwa duk hanyoyinsa kama ɗaya suke a farko, ba ka sanin ko zai wuce ne ko zai dawo sai ya riga ya juya. Kowa a cikinmu ya san lamba bakwai ɗin nan na wasan unguwa wanda babu mai kamo shi a guje, amma in ya isa layi ba ya iya tsayawa da ƙwallo. To akwai irinsa a kowane diraf, kuma kullum akwai kulob ɗin da zai ɗauke shi da wuri.

Hannu kuma, ba yawan cafewa kawai ake ƙirgawa ba. Ka duba ko yana miƙa hannu ya tarbi ƙwallon tun tana nesa da jikinsa, ko yana jira ta bugi ƙirjinsa ya rungume. Mai runguma a NFL za a riƙa buge masa ita. Ka duba shi a tsakiyar fili lokacin da ya san ana zuwa a kai masa karo: idonsa yana kan ƙwallo ko ya fara leƙen mai zuwa? Ga kuma bakin layi. A jami'a ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa, a NFL sai biyu. Wanda tun a jami'a yake jan ƙafa ta biyu ba tare da an tilasta masa ba, wannan ya san inda ya dosa.

Yanzu Jefferson ɗinka. A 2019 a jami'ar LSU ya cafe 111, amma kusan duka daga ciki ya yi su, wato ba a bakin layi yake tsayawa ba. Mai jifan Joe Burrow ne, a gefe kuma ga Ja'Marr Chase yana ɗauke hankalin masu tsaro. Sai wasu suka ce ai tsarin ne ya yi shi, ɗan ciki ne kawai, in an fitar da shi waje ba zai iya ba. Amma a 2018 a waje ya yi wasa, kuma shi ne ya fi kowa cafewa a LSU a shekarar. Amsar tana nan a bidiyon 2018 ɗin. Kuma ba wai ba shi da gudu ba ne, 4.43 ya yi. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani: ana ɗaukar abin da kocin jami'a ya sa yaro ya yi a matsayin iyakar abin da zai iya. Nacua kuwa rauni ya yi ta damun sa a jami'ar BYU, alƙalumansa ba su cika ido ba, agogo ma bai taimake shi ba. Amma ya faɗa hannun Sean McVay, kocin Rams, wanda yake son risiba mai tare mutum, mai shiga tsakiya ba tsoro. Da wani kulob ne ya ɗauke shi ya ce masa tsaya a gefe ka yi ta tsere, da labarin ya sha bamban.

In za ka kalla a YouTube, ka guji bidiyon gwaninta mai kiɗa. Ka nemi wanda aka haɗa duk jifan da aka yi wa yaron a wasa guda, har da waɗanda ya zubar. Ya fi cin data, amma gani ya kori ji.

Maganar tayit-en zan dawo mata, an kira salla.

Hotoro Chiefs ya rubuta:

Koci ranka ya daɗe, na yarda da yawancin maganarka, amma kada a rage wa gudu daraja haka. Mai gudu ko bai taɓa ƙwallo ba yana aiki. Lokacin da Tyreek Hill yake Kansas City, dole kulob su ajiye mutum biyu can baya don kada ya wuce, sai tsakiya ta buɗe wa Travis Kelce. Wannan ba ya fitowa a alƙaluman Hill, amma kowa ya ga amfaninsa. Shi ya sa da Xavier Worthy ya yi 4.21 a 2024 ya karya tarihin Ross, Chiefs suka hau sama suka ɗauke shi a na 28.

Sannan ga DK Metcalf a 2019. Mutum mai nauyin kilo fiye da 100 ya yi 4.33. Amma a gwajin zagaye mazugi uku, wanda yake auna juyi, ya yi 7.38, aka yi ta cewa ba ya iya kwana, ga kuma raunin wuya da ya samu a jami'a. Ya faɗo har na 64. Seattle ba su ce ya zama Kupp ba. Sun ba shi hanyoyin da suka dace da jikinsa, ya yi ta wuce mutane. Da birki kaɗai aka duba, da an yi asararsa. Ni a ganina Ross rauni ne ya kashe shi, ba gudu ba.

'Yar Gwale ta rubuta:

Sannunku da hira. Kafin Koci ya dawo bari in sa baki a kan tayit-en, don nan na fi mai da hankali. San Francisco nake bi.

Malam Ɗan Fagge, ka duba inda aka samo manyan wurin nan. Rob Gronkowski zagaye na biyu ne a 2010, na 42, saboda tiyatar baya ta hana shi wasa shekara guda a Arizona. Kelce zagaye na uku, 2013. George Kittle zagaye na biyar, 2017, na 146. Duk zamansa a Iowa ƙwallo 48 kacal ya cafe, domin a can tare mutum ake sa su yi. A shekararsa ta biyu a NFL ya yi yadi 1,377. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Baltimore a 2018: sun ɗauki Hayden Hurst a zagaye na farko, suka ƙara da Mark Andrews a na uku, kuma Andrews ne ya zama tauraro. Kulob ɗaya, ido ɗaya, shekara ɗaya.

Dalilin a ganina shi ne tayit-en aiki biyu yake koya lokaci guda. Dole ya san tarewa irin ta ƙattin gaba, ya kuma san hanyoyi irin na risiba. Jami'o'i kaɗan ne suke sa yaro ya yi duka biyun, don haka mai duba shi rabi yake gani, rabin kuma hasashe ne. Ni shi ya sa ba na son a ɗauke shi a goman farko.

Koci Tarauni ya rubuta:

Na dawo. Malam na Hotoro, maganarka a kan Metcalf gaskiya ce, kuma ba ta saɓa wa tawa ba. Ka sake kallon sa a wurin tashi: mai tsaro ba ya iya riƙe shi a taku ukun farko saboda ƙarfi da tsawon hannu. Ya ci jarrabawar farko, shi ya sa gudunsa ya yi amfani. Hill kuma ba gudu kaɗai gare shi ba, yana tsayawa cak ya juya, kuma abin da ya jefa shi zagaye na biyar a 2016 matsalar shari'a ce, ba ta fili ba. Inda ban bi ka ba shi ne Ross. Raunin ba a ɓoye yake ba, tun a jami'ar Washington ya sha fama da gwiwa, kuma likitocin kowane kulob suna duba yaran nan a Indiyanafolis. An sani, agogo ne ya rufe ido.

Malama ta Gwale, Allah ya ƙara sani, kin rage mini aiki. Bari in ƙara abu biyu.

Na farko kuɗi ne, kuma nan amsar Pitts da Chase take. Tun 2011 albashin sabon ɗan wasa a ƙayyade yake, gwargwadon lambar da aka ɗauke shi, ba ruwan tsarin da wurin da yake bugawa. Kwantiragin shekara huɗu ne, 'yan zagayen farko kuma kulob yana da zaɓin ƙara ta biyar. To a kasuwa Jefferson ya sa hannu a 2024 kan dala miliyan 140 na shekara huɗu, wato 35 a shekara. Chase a 2025 ya karɓi miliyan 161. Manyan tayit-en kuwa, Kittle da Trey McBride, a 2025 wajen miliyan 19 a shekara suka tsaya. Ka ga in ka dace da risiba a na 5, ka samu kayan miliyan talatin da wani abu a farashi mai rahusa. In tayit-en ne a na 4, ko ka dace ribar ba ta kai rabin wannan ba. Pitts bai yi laifi ba a shekarar farko, ya yi yadi 1,026, sai dai sau ɗaya ya shiga gida, daga baya gwiwa ta same shi, kwatabak kuma aka yi ta canzawa. Ni da Chase zan ɗauka, kuma ba don na ga abin da ya biyo baya ba, lissafin ne ya nuna haka.

Amma ban yarda a mai da shi doka ba. Brock Bowers ya zo daga Georgia a 2024, Raiders suka ɗauke shi a na 13. Ya cafe 112, yadi 1,194, ya karya tarihin da Mike Ditka ya kafa tun 1961 na yadi 1,076. Shekara guda kafin shi Sam LaPorta, ɗan Iowa kamar Kittle, ya cafe 86 a Detroit. Wato zancen cewa sai tayit-en ya shekara uku kafin ya nuna ya fara sauyawa. Abin da ya bambanta Bowers shi ne tun yana ɗan shekarar farko a Georgia shi ake nema in wasa ya yi zafi, a cikin kulob cike da yaran da za su NFL. Wannan alama ce da nake ba muhimmanci ko a risiba: wanda ya ƙwace ƙwallo daga hannun manyansa yana ɗan 18 ko 19 ya fi mini wanda sai da ya kai 23 ya fi ƙarfin ƙannensa. Kupp ya fito da shekaru, amma shi tun shekararsa ta farko yake cafewa.

Na biyu ya shafi sana'ata. Tony Gonzalez ya buga kwando a jami'ar Kalifoniya. Jimmy Graham ya yi shekara huɗu yana kwando a Miami, shekara ɗaya kawai ya buga ƙwallon Amurka a can, New Orleans suka ɗauke shi a zagaye na uku. Antonio Gates bai buga ƙwallon Amurka a jami'a ba sam, kwando ya yi a Kent State, babu wanda ya ɗauke shi a diraf ɗin 2003, ya gama da shiga gida sau 116. Ba haɗari ba ne. Abin da nake koya wa yarana a ƙarƙashin kwando shi ne: sa mutum a bayanka, ka tare shi da ƙugu, ka tashi ka kama ƙwallo a can sama da hannu biyu. Shi ne aikin tayit-en in an matso kusa da gida, inda fili ya ƙare, gudu ba shi da inda za shi. Don haka in ina kallon tayit-en, ina duba yadda yake amfani da jikinsa tsakanin mai tsaro da ƙwallo. A tarewa kuma ba na neman ya ƙware, ina neman ya so. Za a iya gyara masa ƙafa da inda zai sa hannu, amma wanda yake kauce wa karo ba a koya masa zuciya. Kuma in ba ya tarewa, da zarar ya shigo fili masu tsaro sun san jifa za a yi, su sako ƙaramin mai tsaro mai gudu ya bi shi. Mai yin duka biyun shi yake sa su cikin ruɗu: in sun sa ƙato ya wuce shi, in sun sa ƙarami ya ture shi a ruga da ƙwallo ta gefensa.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai Koci, na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Maganar kwandon nan ta sa ni tunani. Muna da dogayen yara a Kano, ga Kano Pillars ta kwando da ta daɗe tana fitar da 'yan wasa. Na san David Njoku iyayensa 'yan Nijeriya ne, Nelson Agholor a Legas aka haife shi, Rome Odunze da Emeka Egbuka ma jininsu na nan ne, amma duk a Amurka suka tashi. Yaron da ya tashi a nan yana da hanya?

Koci Tarauni ya rubuta:

Akwai hanya, amma siririya ce, kada mu yaudari yara. NFL tana da shirin ɗauko 'yan wasa daga ƙasashen waje tun 2017, kuma Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan NFL, yana nemo yara a Afirka, an yi sansanin gwaji a Gana a 2022, an yi a Legas a 2024. Sai dai in ka duba, yawancin waɗanda suke wucewa ƙattin layin gaba ne, domin a can girma da ƙarfi suna rufe rashin sani na ɗan lokaci. Risiba ba ya samun wannan rangwamen, taku ukun nan da birkin nan tun yarinta ake gina su. Tayit-en ne kaɗai ƙofar da nake gani ga ɗan kwando. Ina da yaro guda yanzu, dogo, mai faɗin kafaɗa, hannunsa ba ya zubar da ƙwallo. Ban ce masa komai ba tukuna, sai na zauna da mahaifinsa, kuma sai ya gama sakandare. In ka samu ƙwallon Amurka ta gaske a wajen mutanenku na kasuwa, ko ta hannu ce, ka yi mini magana, ina so in ga yadda zai kama ta in ta zo ta saman kafaɗarsa yana gudu.